Hedfon Ko Monita: Da Wanne Mai Haɗa Sauti A Mubi Zai Horar Da Kunnensa?

Akwai ƙorafin da kusan kowane ƙaramin situdiyo ya saba da shi. An gama waƙa da daddare, an saurara a ɗaki, kowa ya ce ta yi. Washegari sai ga mawaƙi ya dawo da waya a hannu yana cewa, “Oga, a MP bes ya danne muryata, a waya kuma kiɗan ya tafi, sai ƙara kawai.” Daga nan musu ke tashi tsakanin masu sana'ar. Wasu su ce laifin hedfon ne, ai ba a miksin da hedfon. Wasu su ce monita ce ta yaudari mai aikin, domin abin da ta nuna masa a ɗaki ba shi ne a cikin waƙar ba.

Wannan musun yana da nauyi a gari irin Mubi, inda aikin sauti ya fi yadda ake tsammani yawa. Ga waƙoƙin biki da na siyasa, ga wa'azi da karatun Alƙur'ani da ake naɗa, ga ƙungiyoyin waƙa na majami'u da na Zumuntar Mata, ga ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa masu gwada sa'arsu a kan manhajar FL Studio. Ana rera waƙa da Hausa da Fulfulde da Gude da Fali da Margi, kuma abin da aka naɗa a nan yakan tsallaka iyaka ya shiga Kamaru. Yawancin masu wannan aiki ba su yi makarantar sauti ba. Sun koya ne a gefen wani maigida, ko daga bidiyon YouTube, kuma kuɗin da ke hannunsu ba zai sayi komai a lokaci ɗaya ba. Don haka tambayar da ke gabansu ta zahiri ce: wanne za a fara saya, kuma wanne ne zai koya wa kunne aiki?

Mene ne horar da kunne?

Sauti girgizar iska ce, kuma ana ƙirga yawan girgizar a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Can ƙasa nan ne bes da ƙugin babbar ganga suke. A tsakiya ake samun muryar mutum da kalangu da goge. A sama kuma akwai kaifin “s” da “sh” da “ts” da ƙarar kacau-kacau.

Kowa yana iya jin cewa wani abu bai yi daɗi ba. Abin da ya raba mai haɗa sauti da sauran jama'a shi ne ya iya faɗin inda matsalar take. Idan mawaƙi ya ce muryarsa ta toshe, gogaggen kunne zai gane cewa nauyi ne ya yi yawa a wajen 250 zuwa 400 Hz. Idan aka ce muryar tana soke kunne, zai nufi wajen 3,000 Hz kai tsaye, ba zai tsaya lalube ba. Haka zai gane lokacin da kwamfuresa ta matse murya har ta rasa numfashi, da lokacin da eko ya wuce kima ya fara haɗiye kalmomi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Mai sauraron waƙar Hausa kalma yake bi, tun zamanin Mamman Shata har zuwa su Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker, kuma Hausa harshe ne da karin sauti da tsawon wasali ke canza ma'ana. Waƙar da ba a jin baitinta ta faɗi, komai daɗin kiɗanta.

Wannan ƙwarewa koyonta ake yi, ba gado ba ce. Dillalin da ke kasuwar shanu ta Mubi yakan kalli sa ya faɗi abin da zai yi, ba don an haife shi da wannan ido ba, sai don ya yi ƙiyasi sau da yawa, kuma kowane ƙiyasi ciniki ya nuna masa ko ya dace ko ya kuskure. Kunne ma haka yake koyo: a yi hasashe, a ga amsa nan take, a sake. Amma sai abin da ake sauraro da shi ya kasance bai canzawa daga yau zuwa gobe. A nan ne ainihin bambancin hedfon da monita yake.

Wanda ya sayi monita, rabin kaya ya saya

Monita sifika ce da aka ƙera don ta faɗi gaskiya, ba don ta yi daɗi ba. Irin su Yamaha HS5 da KRK Rokit su ne aka fi gani a ƙananan situdiyoyi. Sai dai sautin da ke fita daga bakinta ba shi kaɗai ke isa kunne ba. Yana dukan bango da ƙasa da silin ya dawo, ya gauraya da na asali. Ma'ana, abin da mutum ke ji rabi monita ne, rabi ɗaki.

Mu ɗauki ɗakin da aka fi ginawa a garuruwanmu, ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, bangon bulo da filasta, ƙasa siminti ko tayil. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan aka raba wannan da ninkin tsawon ɗakin, za a samu wajen 47 Hz. A wannan zango, da ninkinsa wato 94 Hz da 141 Hz, sauti yakan tsaya tsakanin bango biyu yana kai da komo. Da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, matsalar sai ta ninku a wuri guda. Kowa zai iya gwada wannan da kansa: a saki bes mai tsayi, a taka a hankali daga bango zuwa tsakiyar ɗaki. A jikin bango da kusurwa za a ji ƙugi kamar zai fasa ƙirji, a tsakiya kuma wani ɓangaren bes ɗin ya ɓace ɗungurungum. Wanda kujerarsa ke tsakiya zai yi ta ƙara bes don ba ya jinsa, waƙar ta fita waje ta cika MP da gurnani. Wanda ke jingine da bango zai yi ta ragewa, waƙarsa ta fita ba nauyi.

Maganin da aka saba yi shi ne manna kiret ɗin ƙwai ko siririn soso a bango. Wannan ba ya taɓa bes ko kaɗan. Zangon 100 Hz tsawonsa ya haura mita 3, soso mai kaurin inci 2 ba zai tare shi ba. Abin da sosan ke sha shi ne kaifin sama, sai ɗakin ya zama a dushe alhali gurnanin na nan daram. Abin da ke aiki shi ne kauri: allunan audugar dutse irin ta rufin gini masu kaurin inci 4 ko fiye, a kusurwoyi da gefen kunnuwa biyu da saman kai. Idan babu, tsofaffin katifu a tsaye a kusurwa da kantar littattafai a bango sun fi kiret ɗin ƙwai nesa ba kusa ba.

Sai kuma hayaniya. A watannin Maris da Afrilu zafin Mubi kan kusanci digiri 40, ba mai iya zama a rufaffen ɗaki ba fanka, fanka kuwa tana rufe ƙananan sautuka. Idan aka ɗauke wuta janareto ya tashi, ƙuginsa yana zaune daidai inda bes yake. Da damina ruwa ya sauka a kan kwano, aiki ya tsaya. Ga Keke Napep da babura a titi. Kunnen da ke koyo a irin wannan yanayi yau wani abu yake ji, gobe wani daban, ko da waƙar ɗaya ce.

Duk da haka akwai abin da monita ke koyarwa wanda babu mai maye gurbinta a kai. Idan sifika biyu na gabanka, kowane kunne yana jin dukansu, ɗaya na riga ɗaya isa da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Da wannan 'yar tazara ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti yake, nesa ko kusa, hagu ko dama. A kan wannan Alan Blumlein ya gina tsarin sitiriyo a Ingila a 1931, kuma da sifika ya yi tunaninsa. Shi ya sa a monita ake saurin gane ko murya ta zauna a cikin kiɗa ko tana yawo a samansa. Sannan bes ba kunne kaɗai ke karɓarsa ba. Hausawa sun ce jiki ya fi kunne ji, kuma a gidan biki, inda manyan sifiku ke kaɗa ƙirji, maganar haka take.

Hedfon: ya cire ɗaki, ya kawo nasa

Babbar falalar hedfon ita ce yana fitar da ɗaki daga lissafi. Abin da ka ji a Mubi shi za ka ji a Yola ko Kano, da rana ko da tsakar dare, da wuta ko babu, tunda batirin laftof ya ishe shi. Kuɗin hedfon na aiki bai kai na monita biyu da gyaran ɗaki ba. Kuma yana tona ƙananan laifuka: numfashin da aka yanke a tsakiya, ƙarar leɓe, wurin da aka haɗa murya biyu ba su haɗu ba, da zizar wutar lantarki ta 50 Hz da ke shiga ta wayar da ba ta da kyau. Ga wanda ke gyaran wa'azi ko karatu, inda murya ce kaɗai babu kiɗan da zai rufe aibi, wannan ya fi komai.

Amma shi ma yana da tasa yaudarar. A hedfon kunnen hagu ba ya jin abin da aka aika dama ko kaɗan, don haka kiɗa yakan buɗe fiye da gaskiya, murya kuma ta zauna a tsakiyar kai. Tun 1961 Benjamin Bauer ya fito da dabarar zuba kaɗan daga kowane gefe zuwa ɗayan don rage wannan, kuma yau akwai manhajojin da ke yin haka. Eko ma ya fi fitowa a hedfon, sai mutum ya sa kaɗan yana ganin ya isa, a sifika a ji muryar a bushe. Da yake komai na fitowa tar, mutum kan bar murya ƙasa-ƙasa yana zaton kowa zai ji ta yadda yake ji.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba a cika lura da su ba. Bes ɗin rufaffen hedfon ya dogara ne da yadda kushinsa ya manne da fata. Gefen hula idan ya shiga ƙarƙashinsa, ko ƙafar tabarau, ko mayafi mai kauri, iska ta samu hanya, bes ya zube. Zufa da bushewar hunturu suna fasa fatar kushin, kuma kushin da ya lotse yana canza sautin gaba ɗaya, don haka sai a riƙa sauya shi. Iyafis na waya da hedfon na jin daɗi yawanci an ƙara musu bes da kaifi da gangan. Na Bluetooth yana matse sauti kuma yana jinkiri. Jabu kuwa ya cika kasuwa: kwali ɗaya, suna ɗaya, sauti daban. Wanda ya ga hedfon mai suna a farashin da bai kai rabi ba, ya tuna araha ba ta ado.

Abin da manyan situdiyo suka gano

Tarihin sana'ar ya nuna cewa tsadar na'ura ba ita ce magana ba. A 1978 kamfanin Yamaha ya fito da sifikar NS-10 don amfanin gida. Ba ta da bes sosai, tsakiyarta kuma tana da tsauri. Amma a shekarun 1980 sai ta zama ruwan dare a manyan situdiyoyin Amurka da Ingila, har injiniyoyi irin su Bob Clearmountain suka shahara da rufe ƙaramin bakinta da takardar tishu don rage kaifi. An daina ƙera ta a 2001, amma har yau ana nemanta. Dalili shi ne injiniyoyi sun san halinta ciki da waje, kuma duk inda suka je ita suke tararwa. A ɗaya ɓangaren, Andrew Scheps, wanda ya yi aiki da Adele da Red Hot Chili Peppers kuma ya ci kyautar Grammy, ya sha faɗa a fili cewa yana haɗa waƙoƙi da hedfon ɗin Sony MDR-7506, wanda ke kasuwa tun 1991 kuma ba ya cikin masu tsada. Wannan ya isa ya kashe maganar cewa ba a miksin da hedfon. Sai dai a tuna Scheps ya shafe shekaru a gaban sifika kafin nan, ya san yadda abin da yake ji a kunne zai fita a fili.

Binciken da Floyd Toole da Sean Olive suka yi a kamfanin Harman ya ƙara wani darasi. Sun nuna cewa idan mutane na ganin sifika, girmanta da sunanta da farashinta suna canza makin da suke ba ta, saɓanin idan an ɓoye ta a bayan labule. A wannan sana'a, gani ya kori ji ba yabo ba ne, cuta ce. Mai kallon layin ikwalaiza, wato na'urar ɗaga ko rage zanguna, a allo yakan ji canjin da idonsa ya gani, ko da na'urar a kashe take.

Yadda ake atisayen

Tun shekarun 1970 makarantar kiɗa ta Chopin da ke Warsaw a Poland take koyar da wannan a matsayin darasi, kuma Jason Corey na Jami'ar Michigan ya fitar da littafi a kansa a 2010. Tsarin ba ya buƙatar komai sai kwamfuta da aboki. A ɗauki waƙar da aka sani sosai, a ɗora mata ikwalaiza, ko da Fruity Parametric EQ 2 da ke cikin FL Studio ne. Mai koyo ya juya wa allo baya. Abokin ya ɗaga wuri ɗaya da desibel 12 daga cikin waɗannan: 63, 125, 250, 500, 1,000, 2,000, 4,000, 8,000 ko 16,000 Hz. Mai koyo ya faɗi wanne ne, a gaya masa amsa nan take. Idan ya fara cin takwas cikin goma, a rage zuwa desibel 6, sannan 3, daga baya a koma ragewa maimakon ɗagawa, wanda ya fi wuyar ganewa.

Masu wannan tsari sun lura cewa zangunan tsakiya suna kama da wasula: 250 Hz yana yin “u”, 500 Hz “o”, 1,000 Hz “a”, 2,000 Hz “e”, 4,000 Hz kuma “i”. Waɗannan su ne wasula biyar na Hausa, don haka ɗan koyo a Mubi yana da abin kamawa tun ranar farko. Minti 15 zuwa 20 kullum sun fi awa uku sau ɗaya a mako. Irin wannan atisaye na gane zango da matsi da ƙananan laifuka, hedfon ya fi dacewa da shi, tunda ɗaki ba zai sa baki a amsar ba. Atisayen nisa da faɗi da zaman murya kuwa sai a gaban sifika.

Doka ɗaya ba a karya ta: kafin a kwatanta abu biyu, a daidaita ƙarfinsu. Wanda ya fi ƙarfi ko da kaɗan ne, kunne zai ce ya fi daɗi.

Ƙarfin sauti da lafiyar kunne

A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunne ba ya jin zanguna daidai wa daida. Ya fi kama abin da ke tsakanin 2,000 da 5,000 Hz, kuma idan aka rage ƙarfi bes ne ke fara ɓacewa. Wato wanda ke ƙure sauti yana aiki zai ji bes ya cika alhali bai cika ba. Shi ya sa ake so a zaɓi ƙarfi ɗaya, a yi masa alama a jikin maɓallin, a riƙa komawa kansa kullum. Ma'auni mai sauƙi: idan na kusa da kai ba zai iya yi maka magana ba sai ya ɗaga murya, ka ƙure da yawa.

Haɗarin hedfon a nan yake, musamman idan janareto na aiki mutum ya ƙara sauti don ya rufe shi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar kada a wuce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 kuwa minti 15 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙarfi. Ƙwayoyin gashin da ke cikin kunne idan sun mutu ba sa tsirowa. Wanda ke tashi daga aiki yana jin “ziii” a kunne, jarinsa ne ke ƙonewa.

To, wanne?

Ga mai farawa a Mubi, a ɗakin haya da ba a gyara ba, amsar ita ce hedfon mai igiya, ba na Bluetooth ba, na asali, guda ɗaya, wanda zai zauna da shi shekaru har ya san inda yake ƙari da inda yake ragi. Da shi zai yi atisaye, da shi zai riƙa sauraron waƙoƙi uku ko huɗu da ya tabbatar suna fita da kyau a ko'ina, domin su zame masa ma'auni. Kuɗin da ya biyo baya, kafin su tafi kan monita mai tsada, a kashe wani kaso a kan ɗaki. Idan monitar ta zo, a ajiye ta daidai tsayin kunne, tazarar da ke tsakanin sifikun biyu ta zama daidai da tazarar kowacce zuwa kai, kujera kuma kada ta zauna a tsakiyar ɗaki ko a jikin bango. Ƙaramar monita a gyararren ɗaki ta fi babba a ɗakin da ke amsa kuwwa.

Bayan haka akwai alƙalin da ya fi su duka. Jama'ar da ake yi wa aikin ba su da monita, ba su da hedfon na situdiyo. A sifikar Tecno ko Itel za su ji, wadda kusan ba ta fitar da komai ƙasa da 200 Hz, ko a MP na mai shayi, ko a cikin motar haya mai zuwa Yola, bayan waƙar ta bi ta WhatsApp an matse ta. Don haka kafin a miƙa aiki, a mayar da shi mono, wato a haɗe hagu da dama wuri ɗaya, a ji ko wani abu ya ɓace, a tura shi waya, a saka a MP, a fita da shi waje. Duk abin da aka ji a rubuta, a koma a gyara, sannan a sake saurara a hedfon don a gane yadda wannan laifin yake bayyana a cikinsa. Wanda ya yi haka a kan kowace waƙa, nan da shekara zai riƙa jin matsalar waya tun yana zaune a kujerarsa, kuma wannan shi ne abin da mawaƙi ke biyansa kuɗi a kai.